Dutse da Turba: Ina Mutumin Kaduna Zai Nufa?

  Ina gaida na Kawo da na Unguwar Dosa. Ina gaida na Malali da Badarawa, da na Unguwar Rimi da Unguwar Sarki da Kabala, da duk inda wannan murya ta iske ku. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki. Direbobi da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya.

Yau zancenmu na tafiyar ƙasa ne. Ina nufin tattakin da mutum ke yi don ransa ya so, ya fita bayan gari, ya hau dutse, ya sha iska, ya dawo gida da gajiya mai daɗi. Wanda ya bi ta Dandalin Murtala da sassafe ranar Asabar ya san jama'a sun fara gane amfanin motsa jiki. Ga matasa, ga dattawa, ga mata, kowa yana zagaye. To, wanda ya saba zagaya fili, wata rana ƙafarsa za ta nemi abin da ya wuce fili. Daga nan tambaya ke tasowa. Wane yanki ne ya fi kyawun hanyar tattaki? Ina ya kamata a nufa? Da an yi tambayar, sai a shiga auna tsawon duwatsu. Wannan ya ce Mambila, wancan ya ce Kilimanjaro. Ni kuwa ina ganin ma'aunin ne aka ɗauko ba daidai ba. Ku riƙe wannan magana, don za mu yi ta komawa kanta. Dutse Allah ne ya yi shi, turba kuwa mutane ke yin ta. Yankin da ya fi shi ne wanda turbarsa sananniya ce, tana da masu ita, kuma wanda ya bi ta zai dawo ya ba da labari.

Mu fara da abin da muka gada. Bahaushe ba baƙon tafiyar ƙasa ba ne. Kakanninmu fatake sun taka tun daga Kano har Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, don sayo goro. Tafiya ce ta watanni, da jakuna, da kaya a ka. Amma ba da ka suke kama hanya ba. Kowane ayari yana da madugu, uban tafiya. Yana da jagaba, mai wucewa gaba ya duba hanya, ya nemo inda za a sauka. Sun san rafin da ke ƙafewa da rani, sun san wanda ke riƙe ruwa har bazara. Sun san inda za a biya fito, sun san sarkin da za a kai wa gaisuwa kafin a ratsa ƙasarsa. Inda suka saba yada zango, can gari ya tsiro. Sunayen suna nan suna ba da shaida: Zangon Aya nan kusa da mu, da Zangon Kataf, da Zangon Daura. Can Gana ma, unguwar Hausawa har yau Zango ake ce mata. Ba don kyawun daji fatake ke yabon hanya ba. Hanya mai kyau a wurinsu ita ce mai ruwa, mai zango, mai aminci. Ma'aunin da suka bar mana ke nan, kuma har gobe yana aiki.

Yanzu mu leƙa waje kaɗan, mu ga ko ma'aunin zai tsaya. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta ga wahalar da alhazai ke sha tsakanin Kufa ta ƙasar Iraƙi da Makka. Hamada ce, ba inuwa, ba ruwa. Ta zuba dukiyarta aka haƙa rijiyoyi, aka gina tafkunan tara ruwan sama, aka yi masaukai. Hamadar tana nan yadda take, amma ta samu hanya, kuma har yau da sunan wannan baiwar Allah ake kiran hanyar. A Amurka akwai wata turba da ta yi suna a duniya, wadda ta bi duwatsun Afalashiya ta ratsa jihohi 14. Masu bin ta daga farko zuwa ƙarshe sukan shafe wata biyar ko shida. Ga abin da zai ba ku mamaki. Wurin da ya fi tudu a duk tsawon wannan turba bai kai dutsenmu na Chappal Waddi da ke jihar Taraba ba. To, me ya ɗaukaka ta? Farin fenti ne da aka shafa a jikin itatuwa da duwatsu, kana kan wannan alama kana neman ta gaba. Rumfunan kwana ne da aka jera a hanya. 'Yan sa-kai ne da suka raba turbar a tsakaninsu, kowace ƙungiya tana share nata yanki, tana kawar da itacen da ya faɗi. A Tanzaniya kuma, doka ta hana kowa hawan Kilimanjaro sai da jagora mai lasisi. Wannan doka ce ke ɗora tukunya a gidaje masu yawa na garin Moshi da kewaye, gidajen jagorori da 'yan dako da masu dafa abinci. Kun ga maganar ta sake fitowa. Dutse Allah ne ya yi shi, turba mutane ke yin ta.

To, mu dawo gida, mu ɗora yankunanmu a kan wannan ma'auni. Mu fara da Mambila, don ita ce kowa ke fara ambata, kuma ta cancanta. In ana maganar kyawun halitta, ba ta da na biyu a ƙasar nan. Mota takan bar zafin Serti, ta kama hawa daga Mayo Selbe, tana lanƙwasa tana lanƙwasa, har ta ɓullo wata duniya daban. Tuddai ne a jere, an lulluɓe su da ciyawa, shanu suna kiwo cikin hazo. Ga gonar shayi a Kakara, ga sanyin da ke sa mutumin Kaduna neman bargo da rana tsaka. A gefenta gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya. Nan Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, ƙololuwar ƙasar nan baki ɗaya. Amma mu faɗi gaskiya. Mutumin Kaduna zai kwana a hanya kafin ya isa Gembu. Hawan Chappal Waddi kansa aikin kwanaki ne, sai da izinin hukumar gandun, sai da ma'aikatanta, sai da 'yan dako, sai da aljihu mai nauyi. Ma'aikacin da Asabar da Lahadi kawai yake da su ba zai iya ba. Mambila wurin zuwa ne sau ɗaya ko sau biyu a rayuwa, bayan ƙafa ta ƙware. Wanda ke neman inda zai riƙa komawa, sai ya duba wani wuri.

In kuwa turbar ce kanta ake son gani, turba a matsayin aikin hannu, to sai Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, cikin duwatsun Mandara. Mutanen Sukur sun shimfiɗe hanyarsu da duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, tun daga gindin tsauni har fadar sarkinsu da suke kira Hidi. Sun sassaƙa jikin tudu suka yi gonaki hawa-hawa, don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Sun yi suna wajen narka tama. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya samu wannan matsayi. Sai ga shi a 2014 mayaƙan Boko Haram sun afka wa garin, suka ƙone gidaje, suka kori baƙi daga yankin na tsawon shekaru. Irin wannan ta faɗa wa duwatsun Azbin a Nijar. A da, Turawa har jirgi suke cikawa zuwa Agadas, Abzinawa su yi musu jagora zuwa lambunan Timiya da tsaunin Bagzan. Tawayen 2007 da satar mutanen da ta biyo baya suka karya wannan sana'a. Duwatsun ba su gusa ko taku ɗaya ba. Amincin ne ya tafi, turba ta bi shi.

To, ina ne amsar? Ga hukuncina, masu sauraro, kuma zan kawo hujja. Ga mutumin Kaduna, yankin da ya fi shi ne tudun Jos, haɗe da gefensa na kudu maso yamma da ya gangaro cikin jiharmu, wajen Kagoro da Kafanchan. Hujja ta farko, kusa ne. Wanda ya bar Kaduna da safe zai ci abincin rana a Jos. Hujja ta biyu, yanayi. Garin Jos kansa yana sama da mita 1,200, don haka mai tafiya yana iya shafe yini bai galabaita ba. Hujja ta uku, ido ba ya gundura. Ga duwatsun Shere a gabashin gari. Ga na Riyom, da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu. Ga ruwan Assop yana zubowa a bakin hanya. Amma hujjar da ta fi nauyi ita ce turbobin can rayayyu ne. Hanyoyi ne da ke haɗa ƙauye da ƙauye, ana bin su kullum zuwa gona da kasuwa. Mai tafiya zai bi tsakanin shingayen ƙyarana da aka kewaye gonaki da su, ya wuce acca tana nuna, ya wuce masu tonon dankalin Turawa, ya yi sallama a amsa masa. Kuma a duwatsun Shere akwai makarantar horar da matasa jagoranci da juriya, wadda ta shekara da shekaru tana koyar da hawan dutse. Ma'ana, akwai waɗanda suka san aikin, suka san inda igiya ke shiga da inda ƙafa ta isa. Gargaɗi ɗaya kawai: kududdufan da haƙar kuza ta bari suna da kyau a ido, amma suna da zurfi, a kalle su daga nesa.

Gangaro kaɗan, ka shigo jihar Kaduna, sai Kagoro a ƙaramar hukumar Kaura. Dutsen ya tashi a bayan gari kamar katanga. A samansa kakannin mutanen Kagoro suka zauna, kuma hanyoyin da suka bi suna nan, jikokinsu sun san su kamar tafin hannu. Kowace ranar 1 ga Janairu suna bikin Afan, wanda sunansa ma dutse yake nufi a harshensu. Ba nisa daga nan ruwan Matsirga yake, kusa da Kafanchan, yana faɗowa daga kan dutse da ƙarar da ake ji kafin a gan shi. Ƙauyen Nok ma a wannan shiyya yake, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, sunan ƙauyen ya zama sunan wata wayewa da ta haura shekara 2,000. Akwai kuma wani abu da ya kamata mutumin arewacin Kaduna ya tsaya ya yi tunani a kai. Kogin nan namu, wanda muke tsallakawa ta gada, wanda duwatsun cikinsa ke fitowa fili da rani, daga tudun Jos ya taso, wajen Vom. Ruwan da ke wucewa ta bayan lambun Gamji ruwan waɗancan duwatsu ne. Wanda ya je can ya je ganin mafarin kogin garinsu.

Sai dai yaro ba ya fara gudu kafin ya yi rarrafe. Mai farawa yana da makaranta a kusa, ita ce Kufena, a yammacin birnin Zariya, daura da Wusasa. Mutum zai iya shiga mota a tashar Kawo bayan sallar asuba, ya hau Kufena, ya sauko, ya yi la'asar a gidansa. Dutse ne mai sanƙo, shimfiɗaɗɗe a wasu wurare, mai tsayuwa a wasu. Da sassafe in ka dafa shi za ka ji sanyi a tafin hannu. Da hantsi ya ɗaga, sai ya fara mayar da zafi, ƙadangaru su fito su jeru. A jikinsa akwai ƙananan kwarmi da ke riƙe ruwan sama bayan damina ta wuce. Daga sama ana hango birni da Samaru, da kukoki da ɗorayi a warwatse cikin gonaki, iska tana kaɗa riga. A gindinsa kuwa akwai ragowar tsohuwar ganuwa, shaidar cewa mutane sun zauna nan tun kafin birnin Zariya ya kafu inda yake. Haka Turunku, nan cikin ƙaramar hukumar Igabi, wadda tarihin Zazzau ke dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Ɗalibin da ya karanta waɗannan sunaye a aji, in ya tsaya a kan dutsen da ƙafarsa, darasin ba zai ƙara fita daga kansa ba. Gani ya kori ji.

Yanzu bari mu saurari masu ja, don suna da abin faɗa. Na farko zai ce, wannan ai wahalar banza ce, aikin waɗanda suka ƙoshi. Zai ce ɗan garuwa yana tura kura tun safe, manomi yana taka gona, makiyayi yana bin shanu, wa zai ce musu su je hawan dutse? Gaskiya ne, kuma ba da su ake ba. Da wanda ke zaune ake. Da ma'aikacin da ke kan kujera daga takwas zuwa huɗu. Da ɗan kasuwar da ke cikin shago a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi tun safe har magariba, ko masallacin bayan layi sai ya ji nisa. Da uwargidan da in za ta unguwa ta gaba sai an tsayar mata da Keke Napep. A cikin irin waɗannan hawan jini da ciwon suga ke samun wurin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato awa biyu da rabi. Hawan Kufena guda ya kusa biyan wannan bashi. Su kuwa manomin da makiyayin, su ne ya kamata su ci riba. Su suka san turba. Su suka san inda kububuwa ke kwanciya, da inda dutse ke santsi. Wannan sani dukiya ce, kuma wanda ya zo daga birni ya kamata ya biya kuɗinta da mutunci.

Mai ja na biyu maganarsa ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata kwana-kwana ba. Zai ce, wane tattaki a ƙasar da ake satar mutane? Zai tuna mana harin da aka kai gidan yawon buɗe ido na Kajuru a watan Afrilun 2019, inda aka rasa rayuka biyu. Zai tuna mana ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka kwashe a 2021, da jirgin ƙasan Abuja da aka tare a Maris na 2022. Zai ce gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, da ya kamata ya zama abin alfaharin jihar nan, ya daɗe da zama inda ba a shiga. Zai ƙara da cewa yankin da na zaɓa ma bai tsira ba, don Riyom da Barkin Ladi da Kaura duk sun ga zubar da jini. Duk wannan gaskiya ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Amsata ita ce, wannan ja bai rushe ma'aunin ba, ƙarfafa shi ya yi. Shi ya sa na ce turba sai mai masu ita. Dajin da ba kowa, ba mai gani, ba mai tambaya, komai kyawunsa ba ya cikin lissafinmu. Abin da ya bambanta Shere da Kagoro da Kufena shi ne suna jingine da gari, kuma akwai wanda za a tambaya. Don haka ƙa'idar fatake ce za a bi. A tafi a ayari. A fara da gaida mai unguwa ko hakimi. A ɗauki ɗan gari ya shige gaba. A hau da safe, a sauko rana na sama. A bar wa na gida labarin inda aka nufa da lokacin dawowa. In mutanen wurin suka ce yau ba a hawa, to ba a hawa, ko an riga an biya kuɗin mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai wani tsoro kuma da ba a cika furtawa ba, amma yana nan a zuci. Tun rikicin shekarar 2000 garin nan ya rabu, kogi ya zama kamar iyaka. Akwai matasan da suka girma a wannan tsallake ba su taɓa cin abinci a wani gida na wancan tsallake ba. Sai wani ya ce, ni ɗan Badarawa me zai kai ni Kagoro? Ni kuwa na ce, wannan ma dalili ne na zuwa. A kan dutse, baƙo yana sa ƙafarsa inda ɗan gari ya sa tasa. In numfashi ya ɗauke, hannun da ke sama shi ake kamawa, ba a tambayar sunan mai shi. Ba na cewa tattaki zai warkar da raunin shekaru. Amma mutumin da ya ja ka ya haye da kai, ya zauna kuka sha ruwa a gora ɗaya, da wuya ka yarda in an zo an ce maka duk mutanensu mugaye ne. Shi ma haka.

Mai ja na uku daga wajen iyaye da malamai yake fitowa. Za su ce duwatsu matattarar iskoki ne, kuma an yi tsafi a kan wasunsu, kamar yadda tarihin Kano ya faɗa game da Dala. Za su ce kuma irin wannan fita tana kawo cuɗanyar maza da mata da sakaci da salla. Damuwar iyaye abar girmamawa ce. Amma dutse halitta ce cikin halittun Allah, kuma Alƙur'ani ya yi ta kiran mutum ya yi tafiya a bayan ƙasa, ya dubi duwatsu, ya yi tunani. Alhazanmu da yawa, har da tsofaffi, suna hawan Dutsen Nur a Makka don ganin Kogon Hira, kuma suna dawowa da labarin da ba sa mantawa. Abin da ya rage tsari ne. Mata suna iya fita a ayarinsu, da shigarsu ta mutunci, ko iyali su fita gaba ɗaya. A ɗauki ruwan alwala, a tsara tafiya yadda azahar za ta iske mutane a wuri mai kyau. Inda masu wuri suka ce ba a shiga, a girmama su a wuce. Mutum ba ya rasa addininsa don ya kiyaye haƙƙin mai masaukinsa.

To, in haka ne, me ya rage mana? Ba dutse muka rasa ba, jama'a. Turba muka rasa, irin wadda aka yi wa alama, aka san mai kula da ita. Kuma wannan ba aikin biliyoyi ba ne. Gwangwanin fenti ne, da allo a gindin dutse mai nuna hanya da tsawon lokacin hawa. Rajistar jagorori ce a hannun hakimi, da kuɗin da aka yanke kowa ya sani, don kada baƙo ya ji an cuce shi, kada ɗan gari ya ji an raina shi. Rijiya ce ko famfo, da makewayi, da wurin salla. Ina kira ga gwamnatin jiha da ta fara da biyu kawai, ɗaya a Kufena, ɗaya a Kagoro. Ina kira ga masarautar Zazzau da ta Kagoro su riƙe abin a hannunsu, don maganar sarki ita ke buɗe ƙofa a ƙauye. Jami'ar Ahmadu Bello tana da masana tarihi da na binciken kayan da ke binne, suna iya rubuta abin da jagora zai riƙa faɗa wa baƙi. A kuma sa ido kan masu fasa dutse, don dutsen da aka mayar tsakuwa ba ya dawowa. Dutse Allah ne ya yi shi, ya kuma ba mu kyauta. Turbar ce ke jiran mu.

Ga mai niyya, lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ciyawa ba ta gama bushewa ba, rafuka da sauran ruwa, sama a washe. Cikin damina dutse yana santsi, ga tsawa. In hunturu ya kankama, hazo yakan rufe abin da aka hau don a gani. Zafin Maris da Afrilu kuwa ba abin wasa ba ne. A nemi takalmi mai kama ƙasa, a ajiye silifas a gida. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha, da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. Ledar da aka hau da ita a sauko da ita.

Masu sauraro, 'yan uwana na Kawo da Malali da Unguwar Rimi, kada ku jira sai an shafa fentin. Ranar Asabar mai zuwa ku fara da abin da ke ƙofar gida. Ku taka daga unguwarku zuwa lambun Gamji, ku tsaya ku dubi tsohuwar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, ku dubi kogi. Ku maimaita har ƙafa ta saba. Sannan ku haɗa kanku, mutum goma ko sha biyu, ku tambayi mutanen Zariya halin da ake ciki, ku nemi ɗan gari, ku nufi Kufena. Ku tafi da yaranku, ku nuna musu ganuwar kakanninsu. In kun sauko, ku sallami jagoranku da kyau, ku karɓi lambarsa don na bayanku. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya tsare matafiya a duk inda suke.